Takardar da Baba ya bari: kyauta ce ko wasiyya?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu a Kano ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Bayan sadakar bakwai sai ƙaninmu, ɗan amarya, ya fito da takarda mai sa hannun Baba, wai ya bar masa gidan haya. Yayanmu ya ce a bar maganar saboda zumunci. Ni kuwa marayu nake riƙo. Zan iya zuwa kotu?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, Malama. Za ki iya, kuma ba sai kin jira amincewar yayanku ba. Kowane magaji yana da ikon neman kotu ta raba gado.

Fara da karanta takardar a tsanake. Idan cewa ta yi "bayan raina gidan na wane ne", wasiyya ce. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ana fitar da ita bayan kuɗin jana'iza da bashi, sannan ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Ƙaninku magaji ne. Yayanku na iya yafe nasa kason, amma ba shi da hurumin yafe naki.

Inda ake fafatawa shi ne idan ya ce kyauta ce aka yi masa tun Baba na da rai. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai kyautar na raye da lafiyarsa. Don haka alƙali zai tambaya: wa ke karɓar kuɗin haya? Sunan wa ke kan rasit? Na taɓa ganin shari'ar da wani tsohon littafin rasit, duk ya sha manja a gefe, ya warware ta, domin sa hannun marigayi ne a kai har watan da ya kwanta. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Ki shigar da ƙara a Babbar Kotun Shari'a, ki nemi a ƙididdige dukiya a raba, a kuma hana sayar da gidan kafin hukunci. Wannan roƙon kada ki yi sakaci da shi, don ƙwato gida daga hannun mai saye wahala ce babba. Ko da ke kika shigar da ƙara, ƙaninku ne mai da'awar kyauta, shi zai kawo shaidu biyu adilai, ko shaida ɗaya da rantsuwa tunda maganar dukiya ce. Kina da damar yi musu tambayoyi da sukar shaidarsu. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaye ki ko akwai sauran magana. Duk abin da ke ranki ki faɗe shi a nan, ya shiga rubutu.

Idan hukunci bai gamsar da ke ba, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan wasiyya da kyauta da gadon Musulmi. Ki nemi kwafin shari'ar ranar da aka yanke, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne.

Sulhu ma ban rufe ƙofarsa ba. Amma ki bari a san kasonki tukuna, kuma duk abin da aka daidaita a kai shi gaban alƙali a rubuta.