Amsa ga 'yar'uwar da mahaifinta ke fama da kansar huhu

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce bai taɓa shan sigari ba, amma likita ya ce kansar huhu ce, kuma kina tambayar inda za ku dosa a nan Legas. Ni ma da wannan ciwon nake rayuwa.

Sigari ce babbar sila, amma cutar tana kama wanda bai taɓa kusantarta ba. Kada ki bari 'yan unguwa su ɗora wa Baba laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ruɗa ta da tarin fuka. Mutum ya yi watanni yana shan maganin tibi, tari bai tsaya ba, yana ramewa, wani lokaci har da jini a majina. Duk wanda na gani a haka a Agege ko Mile 12, sai na matsa masa ya koma asibiti a sake dubawa.

Ku je LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, akwai cibiyar kansa da aka buɗe a 2019, ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. Ku tabbatar an ɗebi tsokar ƙarin an auna ta, sannan ku tambayi likita batun gwajin EGFR, wanda ke taimakawa a gane irin maganin da zai dace da ƙarin. In sakamakon ya dace, akwai ƙwayoyin da ake sha a gida, ko da yake suna da tsada ƙwarai.

Addu'a kam a dage da ita, amma don Allah kada jiƙe-jiƙe su sa a tsallake ranar ganin likita. Ki riƙa raka shi, kina rubuta duk abin da aka faɗa.