Azurfar Ingila: juya gindin kofin kafin ki biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da maigidana, kuma na fara sha'awar tara kayan azurfa na zamani. Na ga wani ƙaramin kofi a gwanjo, an ce aikin maƙerin azurfa Gerald Benney ne, amma kuɗinsa ya fi na wata babbar butar shayi mai ƙyalli nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ƙyalli ya ɗauke miki hankali, ki juya kowanne ki duba tambarinsa tukuna. A Birtaniya doka ta hana a sayar da abu da sunan azurfa in ya wuce giram 7.78 sai ofishin gwaji ya buga masa hatimi. Ofisoshin huɗu ne: Landan alamarta kan damisa, Birmingham anga ta jirgin ruwa, Sheffield fure, Edinburgh kuma fāda mai hasumiya. Idan kika ga haruffan EPNS a jikin butar nan, to ruwan azurfa aka yi mata kawai, ƙarfen ciki daban ne, shi ya sa ta yi araha.

A kofin kuwa ki nemi haruffan AGB, tambarin Benney ke nan. In aikin shekarun 1960 ko 1970 ne, kada rashin lambar 925, wadda ke nuna ingancin azurfa, ya tayar miki da hankali. A lokacin hoton zaki mai tafiya ne shaidar azurfa ta gaske, tare da harafi guda mai nuna shekara.

Sannan ki shafa jikinsa da yatsa. Benney, wanda ya rasu a 2008, ya yi suna ne da wani irin sassaƙe mai kama da ɓawon itace, wanda ake fitarwa da guduma bugu bayan bugu. Ban da kyau, yana ɓoye zanen yatsu, don haka kofin na sha ne, ba na ajiya a kabad kaɗai ba. Shi da maƙera David Mellor da Robert Welch duk sun fito daga kwalejin fasaha ta Royal College of Art a shekarun 1950, su ne suka raba azurfar Ingila da kwaikwayon kayan kakanni. Akwai kuma Stuart Devlin, mutumin Ostareliya da ya zana kwabban ƙasarsu na 1966, ya kafa maƙerarsa a Landan, ya shahara da ruwan zinare da kayan ado masu siffar ƙwai da ake buɗewa.

Ni dai in tambarin ya tabbata, kofin zan ce ki ɗauka. Hannun maƙerin kike saye, kuma abu ɗaya na gwani ya fi mini tire goma marasa asali. Ki tambayi ladan 'yan gwanjo kafin ki ɗaga hannu, don ana ɗora shi a kan farashi. In kin samu zuwa Landan, ki leƙa kasuwar kayan azurfa ta London Silver Vaults da ke titin Chancery Lane ki riƙe na gaske a hannunki, ido ya saba.

Tambaya: Cokulan azurfata sun yi baƙi. In goge su da toka da soson ƙarfe?

Amsa: Don Allah Malam kar ka soma. Za su kankare jikin azurfar, su shafe tambarin, darajar ta tafi ke nan. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, ka tsane su nan take, sannan ƙyallen goge azurfa. Ka raba su da ƙwai da robar ɗaure kuɗi, su ne ke jawo baƙin.