Christine de Pizan ce ta fara fafutukar 'yancin mata?

Malama, kin tambaya ko marubuciya Christine de Pizan ce ta fara fafutukar 'yancin mata a Turai. Ni dai na fi yarda a ce ta share fage.

An haife ta a Venice a 1364, ta tashi a Faransa, inda mahaifinta yake masanin taurari a fadar Sarki Charles na Biyar. Mijinta ya rasu tana da shekara 25, ya bar mata 'ya'ya uku da mahaifiyarta da rigingimun shari'a. Da alƙalami ta ciyar da su.

A littafinta na 1405, Birnin Mata, ta nuna kanta zaune a ɗakin karatu, ta karanta zagin da wani malami ya yi wa mata har ta fara ƙyamar kanta. Sai Hankali da Gaskiya da Adalci suka bayyana gare ta a siffar mata, suka sa ta gina birni da labaran matan kirki. Hujjarta tana burge ni: da ana kai 'ya'ya mata makaranta kamar maza, da sun fahimci ilimi daidai da su.

Sai dai ba ta nemi a sauya tsarin zama ba. A wani littafin ma ta shawarci matan aure su yi haƙuri da mazajensu.