Tabon Baya Shi Ne Katin Shaidar Dolfin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce masana sun san yawan dolfin da ke wani yankin teku, har suna kiran kowanne da sunansa. Dabbar da ke cikin ruwa, kuma duk kamarsu ɗaya, yaya ake ƙirga ta? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ai ga baƙo fararen shanu duk ɗaya ne, amma mai garke ya san kowace saniya da ƙahonta.

Dolfin ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, dole ya riƙa ɗagowa sama, kuma duk ɗagowa sai fiffiken da ke tsaye a gadon bayansa ya fito fili. Gefen wannan fiffike siriri ne, ba ya wuyar yagewa: cizon ɗan'uwa garin faɗa, haƙorin kifin shak, igiyar masunta, farfelar jirgi. Abin da ya gutsure kuwa ba ya tsirowa, shi ya sa tabon kowanne daban ne. Sai masana su bi su a ƙaramin jirgi, su ɗauki hoton fiffiken ta dama da ta hagu, su rubuta rana da wuri da abokan tafiyarsa.

Wasu mata da miji, Bernd da Melany Würsig, suna cikin waɗanda suka fara kafa wannan hanya a gaɓar tekun Ajantina, suka wallafa sakamakonsu a 1977. A Sarasota ta jihar Fulorida a Amurka kuwa, tun 1970 ake bin dolfin na yankin, uwa da 'ya da jika. Wata dolfin da ake kira Nicklo ta kai shekara 67. Ganinta na ƙarshe a 2017 ne. Ni wannan ya fi burge ni.

Ƙirga kuma lissafi ne. A misali, ka ɗauki hoton guda 100 a wannan wata. Wata mai zuwa ka koma, ka tarar rabin waɗanda ka ɗauka sanannu ne. Ka ga ke nan jimillar ta kai wajen 200.

Sai dai fa akwai tarko. Jarirai fiffikensu sumul yake, ta uwarsu ake gane su. Sabon rauni kan sauya kama, hoto mai dishi-dishi kuma kan mai da dabba ɗaya biyu. Shi ya sa ko yanzu da kwamfuta ke taya tantancewa, sai mutum ya sa ido kafin a shigar da hoto rajista.