Ejan ya ce a ɓoye ciwon Baba a kawo shi Ingila: amsa ga wata nas

Wata 'yar'uwa da ke aikin nas a Ingila ta rubuto mana cikin damuwa. Mahaifinta ya haura shekara 70, ya daɗe yana shan taba kafin ya bari, kuma likita a gida ya ce yana da COPD, wato cutar nan mai toshe hanyoyin numfashi wadda ba ta barin mutum. An kwantar da shi sau biyu a bana, makonni uku ke nan da sallamarsa ta ƙarshe. Ta aika kuɗi an sayi injin oksijin, ana kunna masa dare da rana, an murɗa shi har ƙarshe. Yanzu ƙanwarta ta ce barci ya yi masa yawa, yana tashi da ciwon kai, wani lokaci yana magana ba kan gado. Yayanta kuma ya samo ejan da zai fitar da bizar ziyara da gaggawa, da sharaɗin kada a ambaci ciwon, in Baba ya sauka "sai ki kai shi asibitinku kyauta". Da ta yi jinkiri aka fara cewa ta samu duniya ta manta da uba. Tana tambaya: ta biya?

Ƙanwata, kada ki biya. Amma ajiye zancen biza tukuna, domin akwai abin da ya fi shi gaggawa a wasiƙarki, kuma ke kanki kin san shi, tashin hankali ne ya rufe miki ido.

Yawan barci, ciwon kai da safe da ruɗewa a wurin mai COPD da aka sake wa oksijin ba iyaka alamu ne na taruwar iskar kabon a jini. Huhunsa ya zama kamar robar da ta saki, iska tana shiga amma fitar da ita aiki ne. In aka cika masa oksijin, jini yakan karkata zuwa sassan huhun da iska ba ta ratsa su sosai, kabon ɗin da jini ke ɗauke da shi ya saku, numfashi kuma ya ɗan yi sanyi. Sai kabon ya taru, mutum ya yi ta gyangyaɗi, 'yan gida suna murna wai ya samu sauƙi, alhali hanyar suma ya kama. Ki kira ƙanwarki yau, ta sa shi ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafin sama kamar mai tsayar da mota. In hannun yana kakkaɓewa, wata shaida ce. A kai shi asibitin da ke iya auna iskar jini daga jijiya, ba sai gobe ba. Kafin a isa, a rage injin a hankali ana duba na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, a tsayar da adadin tsakanin 88 da 92 cikin ɗari. Ga yawancin masu wannan ciwo lita 1 zuwa 2 a minti ta bututun hanci ta wadatar. Kada a kashe injin gaba ɗaya lokaci guda, domin oksijin ɗin jininsa zai iya faɗuwa ƙasa da inda yake tun farko. Ki kuma gaya musu na'urar yatsa takan nuna adadi sama da na gaskiya a fata mai duhu, tana kuma ruɗewa in yatsa ya yi sanyi, don haka a riƙa duban mutumin, ba lambar kaɗai ba.

Abin da 'yan gida ba su gane ba shi ne oksijin ba maganin haki ba ne, maganin ƙarancin oksijin a jini ne. Mutum zai iya yin haki kamar zai shiɗe alhali adadinsa 94. Oksijin na dindindin a gida ana rubuta shi ne bayan majiyyaci ya yi makonni ciwon bai tashi ba, an auna jininsa sau biyu an ga ya kai ma'aunin buƙata. Wanda ya cancanta kuma sai ya sha aƙalla awa 15 a rana kafin ya amfana. Wa ya rubuta wa Baba lita nawa? Na tabbata mai sayar da injin ne.

To, sai ejan. Maganar "asibitinku kyauta" ƙarya ce tsagwaronta. Mai bizar ziyara ana duba shi a sashen gaggawa ba tare da caji ba, amma da zarar an ba shi gado, NHS, hukumar asibitocin gwamnati a can, za ta caje shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin. Bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba ana kai sunan mai shi Ma'aikatar Cikin Gida, kuma yana iya hana shi biza nan gaba. Mai COPD da aka kwantar sau biyu cikin shekara, kika kawo shi cikin sanyin Ingila, ai da wuya bai koma gado ba. Inshorar tafiya kuma ba ta biyan ciwon da aka ɓoye mata. Wa zai biya? Ba ejan ba, ba Yaya ba.

Ɓoye dalilin zuwa kuwa yaudara ce a dokarsu, in aka gano, haramcin shiga na shekara 10 ne. Mun sha ganin yadda irin waɗannan ejan suke aiki: su cike fom ba tare da mai shi ya karanta ba, su haɗa takardar banki ta bogi, in an ƙi bizar su ce "ba rabo", su kashe waya. Wasu ma sukan rubuta wasiƙar gayyata da sunan wanda ke waje, su sa adireshinsa da wurin aikinsa. A nan ne abin ya shafe ki kai tsaye. Ke mai rajista ce da NMC, hukumar da ke ba nas-nas lasisin aiki a Birtaniya, kuma rashin gaskiya na cikin laifukan da hukumar ba ta sassauci a kansu. Takardar ƙarya guda mai ɗauke da sa hannunki za ta iya cinye lambar aikinki, aikin ya tafi da bizarki, kuɗin maganin Baba ya tsaya. A Birtaniya ba a yarda kowa ya ba da shawarar shige da fice ba sai lauya ko mai rajista da hukumar IAA, wadda a da ake kira OISC. Ki tambayi ejan lambar rajistarsa ki ji abin da zai ce.

Hanyar gaskiya tana nan ga mai hali: ziyara don jinya a asibitin kuɗi, da wasiƙar likita mai bayyana ciwon, tsawon jinyar, kuɗinta da inda za a yi ta, da shaidar za a iya biya. Bizar aikinki ba ta ɗaukar iyaye, miji da 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 18 kawai. Hanyar ɗauko dattijo ya zauna kuwa sai mai izinin zama na dindindin, kuma da ƙyar ake bayarwa.

Ko da bizar ta fito, akwai jirgi. Matsin iskar cikin jirgi daidai yake da na tsauni mai tsawon ƙafa 8,000, kamar mutum yana shaƙar oksijin kashi 15 maimakon 21. Lafiyayye ba ya ji. Wanda adadinsa ke 89 a ƙasa zai iya faɗuwa sosai a sama, ga tafiyar awa shida ko fiye. Likitocin huhu kan so a jira kamar makonni 6 bayan sallama, a gwada shi da iska mai ƙarancin oksijin na minti 20, a cike takardar lafiya ta kamfanin jirgi, a tanadi ƙaramin inji mai batirin da zai wuce tsawon tafiyar da rabi. Wanda ke buƙatar fiye da lita 4 a ƙasa yawanci ana hana shi tashi. Ejan da ya ce a ɓoye ciwo yana nufin a hau da Baba ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ki kuma tambayi kanki: in ya zo, me za a yi masa? Huhun da ya lalace ba ya komawa, a Landan ko a ko'ina. Tiyatar rage huhu ta 'yan ƙalilan ce. Abin da za a ba shi a can shi ne inhela, wato maganin shaƙa, da atisayen numfashi, rigakafi da nisantar hayaƙi, duk kuma ana iya yin su a ɗakinsa. Nan ya kamata kuɗinki ya tafi.

A fara da tabbatar da ciwon. Ba a yanke hukuncin COPD da sauraren ƙirji kawai, sai da gwajin busa: bayan an shaƙi maganin buɗe hanya, iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ta gaza kashi 70 na duk abin da ya fitar. A yi hoton ƙirji da gwajin kaki don a tabbatar ba tarin fuka ba ne, a duba zuciya, musamman in ƙafafu na kumbura.

Sai inhela, inda ake asarar mafi yawan magani. Salbutamol na sa'ar da numfashi ya sarƙe ne, ba shi ne ginshiƙi ba. Ginshiƙi shi ne mai dogon aiki irin tiotropium, sau ɗaya a rana, ko wanda aka haɗa magani biyu a ciki, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Ki yi kiran bidiyo ki ce Baba ya sha a gabanki, za ki ga abin mamaki. Wasu tsofaffi haɗiye ƙwayar tiotropium suke yi da ruwa maimakon a sa ta a na'ura a huda a zuƙa. Wasu suna fesa salbutamol a harshe sau uku a jere. Mai fesawa yana buƙatar kwalbar nan da ake haɗawa da shi: a girgiza, a fesa ɗaya tak, a ja numfashi a hankali a riƙe kamar daƙiƙa 10, ko a yi numfashi huɗu zuwa biyar a ciki, a jira rabin minti kafin na biyu. Inhela mai garin magani kuwa akasin haka ce, da ƙarfi ake zuƙarta, kuma tsohon da ya raunana ba lallai ya iya ba. Kwalbar a wanke ta da ruwan sabulu sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe da kanta, domin gogewa da tsumma na sa maganin mannewa a jikinta. In inhelar na da sitiroyid a kurkure baki bayan an sha.

Ki binciki abin da ke cikin ledar magungunansa. Maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci irin diazepam suna danne numfashi, suna iya zama rabin dalilin wannan barcin. Prednisolone, ƙwayar sitiroyid, na kwana 5 ne idan ciwo ya tashi, miligram 30 zuwa 40 a rana. Wanda aka bar shi a kai wata da watanni zai samu hauhawar suga, raunin ƙashi da zubewar tsoka, kuma in ya daɗe a kai ba a yanke shi farat ɗaya.

Ƙanwarki ita ce nas ɗinsa ta gaskiya, ki koya mata. In haki ya taso, ya zauna ya sunkuya gaba, gwiwar hannu a kan cinya, ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta tsukakken baki yana ƙirga huɗu, a kunna ƙaramar fanka tana busa fuskarsa. Ba a kwantar da shi rigingine. Don fitar da kaki, ya yi numfashi mai zurfi uku ko huɗu sannan ya huro iska da buɗaɗɗen baki, ya fi tari mai gajiyarwa. Ya sha ruwa sosai sai in likitan zuciya ya taƙaita. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, don cikakken ciki yana tokare huhu, a riƙa auna nauyinsa. Babban kuskuren masu tausayi shi ne hana shi motsi. Zama yana kashe tsokar ƙafa, raunin ƙafa yana ƙara haki. Ya riƙa tafiya kullum har ya ɗan yi haki amma yana iya magana, ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa, ana ƙarawa mako-mako. A yi masa rigakafin mura da na nimoniya. Hayaƙin taba, itace, gawayi da maganin sauro na kunnawa duk su bar ɗakinsa.

Injin kansa yana son kulawa: a wanke matatarsa duk mako, a ba shi tazara daga bango, a ajiye tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Janareta a nesa da taga. Ba wuta ba ashana kusa da bututu, kuma kada a shafa Vaseline a hancin da ke shan oksijin. Ke kuma kada tausayi ya sa ki ɗauki ko inhela ɗaya daga ma'ajiyar wurin aikinki, sata ce a wurinsu.

Game da Yaya, ina bayanki. Wanda ke ganin mahaifinsa yana kokawa da numfashi dole ya nemi abin kamawa, ban ce mugunta ce ba. Amma jifan ki da rashin biyayya don kin ƙi sa hannu a ƙarya zalunci ne, kuma mai faɗin hakan ba shi zai rasa aiki ba. Haƙƙin uba yana kan 'ya'yansa duka, ba a kan wadda ke karɓar albashi da fam kaɗai ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafar kai Baba asibiti da daren da zai kwana kusa da shi. Kada ki yi musu da shi a zauren WhatsApp na dangi. Ki nemi likitan Baba ya yi masa bayanin haɗarin jirgi da bakinsa, domin abin da ya ƙi ji daga ƙanwa zai ji daga likita. Ki daina tura kuɗi dunƙule, ki biya kantin magani mai rajista da nas mai zuwa gida kai tsaye. In kina da hutu ki je da kanki, makonni biyu ba za su taɓa ƙa'idar kada a wuce kwana 180 a wajen Birtaniya cikin wata 12 da ake dubawa wajen neman izinin zama na dindindin ba.

Kafin ki je, ki rubuta takarda guda a liƙa a bangon ɗakinsa: lita nawa, adadin 88 zuwa 92, lokacin kowace inhela, da lambar likita. A ƙasa a rubuta cewa in kaki ya ƙaru ko ya koma kore, ko haki ya fi na kullum, a kira likita a ranar. In kuwa leɓe ya yi shuɗi, ko ya kasa ƙarasa jimla, ko ƙirji ya yi ciwo farat ɗaya, ko ana tashinsa yana komawa barci, a sa shi a mota zuwa asibiti ba tare da an jira kiranki ba.