Ɗan bincike mai tsafi da barkwanci: wanne zan fara saya?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Zariya, na saba karatun littattafan bincike na Turanci, sai wani abokina ya ce min akwai wani iri da ɗan binciken kansa matsafi ne, yana zaune a birni irin na yau da motoci da 'yan sanda amma aljanu ne abokan hulɗarsa, kuma wai akwai ban dariya sosai. Na ga wani yana sayar da jerin The Dresden Files guda goma a haɗe, gwanjo, ya ce sai dai in kwashe duka. In kwashe ko in haƙura? Kuɗin nawa ba yawa.

Wa alaikumussalam ƙanina. Kar ka kwashe, nemi ɗaya ka ɗanɗana tukuna. Jim Butcher ne ya rubuta jerin, na farkon sunansa Storm Front ya fito a 2000, kuma zuwa 2020 sun kai 17, to ka ga ko goman ka saya ba ka gama ba. Jarumin Harry Dresden a Chicago yake, yana da ɗan ofis, ya sa tallarsa a littafin lambobin waya cewa shi matsafi ne mai nemo abin da ya ɓata, kullum kuɗin haya na binsa, 'yan sanda kuma sai abu ya gagare su suke kiransa ta hannun wata jami'a Karrin Murphy. Abin da ya sa nake son sa wallahi talaucin nan ne, mutum ne da zai iya kiran wuta da sandarsa amma motarsa tsohuwar Volkswagen ce irin kunkurun nan, an yi mata faci da ƙofofi kala daban-daban, kayan lantarki kuma lalacewa suke in ya matso kusa, shi ya sa gidansa kyandir yake kunnawa da ruwan sanyi yake wanka. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa akwai wani ruhi mai suna Bob da ke zaune cikin ƙoƙon kan mutum, shi ne ma'ajiyar iliminsa, kuma ladan aikinsa littattafan soyayya yake karɓa, ranar da na karanta wurin nan a cikin mota nake sai da na kusa da ni ya juyo yana kallona saboda dariya.

Amma fa gaskiya biyun farko ba su kai na baya ba. Butcher yana ɗalibin ajin koyon rubutu ya rubuta na farko kuma za ka ji hakan, yadda Harry yake tsayawa siffanta jikin kowace mace da ta shigo ofishinsa ma ya gundure ni. Daga na uku, Grave Peril, abin ya fara zama, na bakwai kuwa Dead Beat na 2005 shi ne wanda na fi so, a nan ne ya tayar da ƙasusuwan ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da, dinoso mai suna Sue, da ke gidan tarihi na Field ya hau ta a titin Chicago. To ka roƙi mai kayan ya raba maka Storm Front, in ya ƙi ka ara a wajen abokin naka. In ka gama ka ji bakin Harry ya shige ka, sai ka koma ka yi ciniki. Kuma kafin ka biya gwanjo ka buɗe ƙarshen kowanne ka ga shafukan sun cika, ka duba lambar jerin, don waɗannan ba a tsallake su, abin da ya faru a na 3 yana bin sa har na 12.

Malam barka da aiki. Ɗana shekararsa 13, yana son labaran aljanu da faɗa, ina so ya riƙa karatun Turanci maimakon waya. Dresden ɗin nan ya dace da shi?

A'a Hajiya, bai dace ba sam. Littafin farko da gawarwaki biyu a ɗakin otal ya buɗe, ƙirji a fashe, ga kuma zancen manya a ciki. Ki nema masa Skulduggery Pleasant na Derek Landy ɗan ƙasar Ayilan, ya fito a 2007, don yara masu tasowa aka rubuta shi. Ɗan binciken ƙwarangwal ne mai kwat da hula yana tuƙa Bentley yana jefa wuta da tafin hannu, abokiyar aikinsa yarinya ce 'yar shekara 12, Stephanie, wadda ta gaji gidan kawunta marubuci a kusa da Dublin. Yawancin daɗin a cacar bakin su biyun yake, jimlolin gajeru ne, yaro ba zai riƙa tsayawa neman ƙamus kowane layi ba. Ki sayi na farko kawai, ki karanta ko babi uku ne kafin ki miƙa masa, don kashin farko na jerin littafi 9 ne har 2014 kuma na baya-bayan sun fi duhu da zubar jini, gara ya girma tare da su. Batun ko ya halatta yaro ya karanta labarin tsafi kuwa, wannan ki kai wa malamin da kika amince da shi, ni abin da ke cikin littafin na gaya miki don ki san abin da za ki tambaya.

Yaya ni direba ne, Kano zuwa Abuja, ba ni da lokacin riƙe littafi. Na sauraro ya cancanci kuɗin?

Ya cancanta, a irin wannan labarin ma murya rabin daɗin ce tunda jarumin ne ke ba da labari da bakinsa. Na Dresden James Marsters ne ke karantawa. Amma ni Rivers of London na Ben Aaronovitch, 2011, zan ce ka fara da shi, wanda Kobna Holdbrook-Smith haifaffen Gana yake karantawa. Shi jarumin, Peter Grant, ɗan sandan Landan ne ba mai zaman kansa ba, wanda ya ɗauki bayanin shaida daga bakin fatalwa sai ya tsinci kansa almajirin matsafi, uwarsa 'yar Saliyo ce, aljanar kogin Thames kuma wata mata ce da ta zo daga Najeriya karatun jinya. Turancin Landan ne da kalmomin 'yan sanda, to ka saurari ɗan samfurin da manhajar littattafan sauraro ta Audible ke bayarwa kyauta ka ji ko kunnenka zai ɗauka, sannan ka sauke shi a waya tun a gida saboda inda sabis ke ɗaukewa a hanya. Abu ɗaya ka kiyaye, a Amurka sunan littafin Midnight Riot, ni na taɓa sayen sa a wajen wani mai tebur ina murna na samu na biyu, sai da na zo gida na buɗe na ga wanda na riga na karanta ne aka canza wa bango. Na biyun na gaskiya Moon Over Soho sunansa.