Kwaroron roba na kashe min daɗi, ya zan yi?

Ɗan'uwa ka ce likita ya ce ku yi amfani da kwaroron roba kai da madam har ku gama shan maganin sanyi amma kai baya maka daɗi, to wlh yawanci bushewa ce matsalar. Ka shiga farmasi nan Maradi ka ce a baka jel na ruwa mai sa santsi, ɗigo ɗaya cikin bakin robar, sauran a waje, kuma bari ita ta saka maka kwaroron cikin wasa ba sai ka tashi kana lalube a duhu ba har sha'awa ta tafi. Banda Vaseline ko man kaɗe, suna cinye robar ta fashe. Kuma kar ka aje kwaroronka na Foula a akwatin moto, zafin garin nan lalata shi yake.